Faci daga nesa: in shiga tsarin girgije ko in ci gaba da zagaye da ƙafa?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Muna da ƙaramin kamfani a Kaduna, mu huɗu ne, muna kula da kwamfutocin wasu wurare: asibiti biyu masu zaman kansu, makaranta ɗaya, ofishin lauyoyi da wasu shagunan magani. Duka-duka kwamfutocin sun kusa 200. Yanzu sai mun je da ƙafarmu muke sabunta manhajoji, wani wurin sai mu yi wata uku ba mu leƙa ba. An tallata mini tsarin da ake tura faci ta intanet daga allo ɗaya. Amma na ji abin da ya faru da Kaseya da CrowdStrike, ina tsoron in danna maɓalli ɗaya in tsayar wa mutane da harkokinsu. Ga tsadar data, ga rashin wuta. In shiga ne ko in tsaya a yadda nake?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, tsoro biyu ne ke jan ka, kuma kowanne yana da hujja. Na farko, kwamfutocin mutane suna zaune wata uku babu faci. Na biyu, idan ka tara su ƙarƙashin allo ɗaya, kuskure ɗaya ko ɓarawo ɗaya zai iya taɓa su baki ɗaya. Shawarata ita ce ka shiga. Sai dai ka sani cewa abin da za ka saya tsawon hannu ne kawai. Hannun zai kai ko'ina cikin minti kaɗan, da alheri ko da ɓarna, kuma tsarin da ka shimfiɗa ne zai raba tsakanin biyun.

Abin da wata uku ke nufi

Faci dai kamar na taya ne: kamfanin da ya ƙera manhaja ya gano huda a jikinta, sai ya fitar da ɗan gyara da zai toshe. Tun watan Oktoba na 2003 Microsoft ta tsayar da Talata ta biyu ta kowane wata a matsayin ranar fitar da nata, kuma yana iso mu nan Najeriya wajen ƙarfe 6 ko 7 na yamma. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi shi ne, ranar da faci ya fito ita ce ranar da aka yi shelar inda hudar take. Masu kutse suna sauke facin, su kwatanta shi da tsohuwar manhajar, su ga daidai wurin da aka gyara, sannan su fita neman waɗanda ba su gyara ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, a nan kuwa har nuna masa tsagar aka yi.

Facin da zai hana WannaCry, wata manhajar da ke kulle bayanan mutane don neman kuɗin fansa, ya fito ranar 14 ga Maris 2017. Harin ya zo ranar 12 ga Mayu, wato kusan wata biyu bayan haka, ya bazu a ƙasashe sama da 150. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke dubban alƙawuran ganin likita, wasu ma sai da aka karkatar da motocin ɗaukar marasa lafiya daga gare su. A shekarar dai, kamfanin Equifax na Amurka ya rasa bayanan mutum kusan miliyan 147 ta wata huda a manhajar Apache Struts wadda facinta ya fito tun farkon Maris. Ka auna waɗannan da wata ukun da ka ambata, kuma ka tuna kana riƙe da asibiti biyu. Zaman da kake yanzu ma haɗari ne, sai dai shi ba ya ƙara har ranar da zai faɗo.

Yadda tsarin yake aiki ba shi da wuyar fahimta. Ana girka wata ƙaramar manhaja a kowace kwamfuta, mu kira ta wakili. Wakilin ne ke kiran uwar garken kamfanin, wato babbar kwamfutarsa da ke intanet (abin da ake kira girgije ke nan), ta hanyar da burauza ke bi, ya faɗi abin da ke cikin kwamfutar da abin da ta rasa, ya karɓi umarni. Ba ka buƙatar buɗe wata ƙofa a rawutar kwastoma, kuma laftof ɗin da aka tafi da shi Abuja yana nan a idonka muddin ya hau intanet. Kowane kwastoma yana da sashensa da dokokinsa. NinjaOne, Datto RMM, N-able, ConnectWise, Atera, Action1, Automox da ManageEngine duk suna wannan sana'a, da bambancin farashi da zurfi. Tsohuwar hanya ita ce WSUS ta Microsoft, wadda take buƙatar uwar garke a kowane ofis, kuma kayan Microsoft ta fi sani. A Satumban 2024 Microsoft ta sanar cewa ta daina ƙara mata sabbin abubuwa. Tana aiki har yanzu, amma ban ga dalilin da mai farawa yau zai gina a kanta ba, balle ma mutum huɗu da ke hidimar wurare da yawa.

Kaseya da CrowdStrike ba cuta ɗaya ba ce

Na ji daɗi da ka ambaci waɗannan biyun, domin ana yawan haɗa su alhali darasinsu daban.

Na Kaseya kutse ne. Ranar Juma'a 2 ga Yuli 2021, ana shirin hutun ranar 'yancin Amurka, gungun REvil suka shiga ta wata huda a manhajar Kaseya mai suna VSA, wadda kamfanoni irin naka ke amfani da ita wajen kula da kwamfutocin jama'a. Kamfanonin da aka shiga kai tsaye ba su kai 60 ba, amma ta hannunsu manhajar garkuwa da bayanai ta isa ga wuraren kasuwanci har kusan 1,500. Shagunan Coop kusan 800 a Suwidin sai da suka rufe saboda na'urorin karɓar kuɗi sun tsaya. Ga abin da nake so ka riƙe: waɗanda aka shiga su ne masu ajiye uwar garken VSA a gidansu, a buɗe ga intanet. Na girgije ba a shige su ba, amma kamfanin ya kashe shi don kariya, ya fi mako guda a kashe. Haka kuma a Fabrairun 2024, da aka gano mummunar huda a ScreenConnect, wata manhajar shiga kwamfuta daga nesa, kamfanin ya gyara na girgije da kansa, masu riƙe nasu a gida kuwa sai wanda ya yi hanzari, kuma an cimma da yawa daga cikin waɗanda suka yi jinkiri. Don haka ga ƙaramin kamfani irin naka, ajiye uwar garken a ofishinka ba ya ƙara maka tsaro, nauyi yake ƙara maka. Abin da labarin Kaseya ke buƙata daga gare ka shi ne ka tanadi hanyar yin aiki idan allon ya ɓace na kwana goma: jerin kwamfutoci a wani wuri daban, lambobin wayar masu ofisoshi, da kalmomin sirrin gaggawa a ajiye inda ba su dogara da wannan manhajar ba.

Na CrowdStrike kuwa babu ɓarawo a ciki. Ranar 19 ga Yuli 2024 kamfanin ya tura wani fayil mai kuskure ga manhajarsa ta tsaro, ya tura wa kowa a lokaci guda. Bai kai awa ɗaya da rabi ba suka janye shi, amma kwamfutoci miliyan 8.5 masu Windows, a ƙididdigar Microsoft, sun riga sun faɗi. Jirage sun tsaya, bankuna da asibitoci sun koma takarda. Gyaran kuma sai da hannu, kwamfuta bayan kwamfuta, tunda wadda ba ta tashi ba wakili ba zai ji kira ba. Waɗanda faifansu ke kulle da BitLocker sai da aka nemo mabuɗin kowanne. Garin neman gira aka rasa ido. Maganin wannan cuta sananne ne, kuma yana hannunka: kada faci ya isa ga kowa rana ɗaya.

Yadda nake raba su rukuni-rukuni

Rukunin farko kwamfutocin ofishinmu ne. Ranar Laraba da safe suke karɓa, mu yi aiki da su yini guda, muna kuma bin abin da sauran masu sana'ar a duniya ke faɗa game da facin watan. Microsoft da kanta tana da shafin da take lissafa matsalolin da aka gano a kowane faci, kuma karanta shi aikin minti goma ne.

Rukuni na biyu shi ne wanda ya fi cin tunani, kuma a nan mutane suka fi yin sakaci. Ba kowace kwamfuta ake ɗauka ba. A kowane wuri ka zaɓi ɗaya ko biyu da ke ɗauke da irin kayan da wurin ke rayuwa da su: a shagon magani, wadda ke da manhajar sayarwa da ƙaramar firintar rasit, a asibiti, wadda ke buɗe fayil ɗin marasa lafiya, a ofishin lauyoyi, wadda ke haɗe da sikana da babbar firinta. Ka kuma zaɓi mutumin da zai kira ka idan ya ga wani abu, ba wanda zai yi shiru ya koma kwamfutar maƙwabcinsa ba. Idan gwajin bai ƙunshi firinta ba, to ba a yi gwaji ba. Duk wanda ya yi wannan aiki a 2021, lokacin facin PrintNightmare, wata huda a tsarin buga takarda na Windows, ya san yadda buga takarda ta hanyar sadarwar ofis ya riƙa tsayawa wata bayan wata. Wannan rukuni yana karɓa ranar Alhamis ko Litinin mai zuwa. Ranar Juma'a ba na tura komai sai da larura, domin abin da ya lalace da yammacin Juma'a sai Litinin za a gane.

Sauran kwamfutoci suna biyo baya cikin kwana bakwai zuwa goma. Uwayen garke su ne na ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai na tabbata akwai kwafin ajiya na daren jiya wanda aka taɓa gwada maido da shi. A Janairun 2022 facin wata ya sa wasu uwayen garken da ke tantance masu shiga suka riƙa kashe kansu suna kunnawa ba tsayawa, ya kuma karya wani nau'in VPN, wato hanyar shiga sadarwar ofis daga nesa, sai da Microsoft ta fitar da gyaran gaggawa bayan kusan mako guda. Wanda ya jira kwana uku ya ji labari kafin abin ya same shi.

Ma'aunin da nake bi shi ne kwana 14 ga duk faci mai tsanani, irin wa'adin da tsarin Cyber Essentials na Birtaniya ya gindaya. Amma akwai wanda ba ya jiran layi. Tun Nuwamban 2021 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, take wallafa jerin hudodin da aka tabbatar ana shiga ta cikinsu, kyauta ne ga kowa. Idan huda ta hau wannan jeri kuma abin yana fuskantar intanet, ina taƙaita zangon gwaji zuwa awanni, in gama cikin kwana biyu ko uku. Makin CVSS da za ka gani a allo, daga 0 zuwa 10, yana faɗin munin huda ne idan an shige ta. Bai faɗi ko ana shiga yau ba. Huda mai maki 7 da ɓarayi ke amfani da ita ta fi gaggawa a kan mai maki 9 da babu wanda ya taɓa.

Wuta da data

Kusan duk waɗannan manhajoji an tsara su ne da tunanin kwamfuta tana kwana a kunne, a yi mata faci ƙarfe 2 na dare. A ofishin da ake kashe janareta ƙarfe 5, wannan tsari ba zai taɓa gudana ba, kuma allon zai yi ta nuna maka "ana jira" har wata ya zagayo. Ka mayar da lokacin rana. Saukewa ta gudana da safe a hankali, girkawa da sake kunnawa kuma lokacin hutun Azahar, tare da sanarwa a allo da damar ɗagewa sau biyu ko uku, daga nan sai ta zama dole. Sake kunnawa fa ba ƙaramin abu ba ne, yawancin facin Windows ba ya kammala sai da shi. Kuma saboda tsarin saurin tashi da Windows ke zuwa da shi a kunne, kashewar da ma'aikaci ke yi da yamma ba lallai ta zama cikakkiyar sake kunnawa ba. Za ka ga kwamfutar da ake kashewa kullum tana nuna ta yi kwana arba'in ba ta huta ba. Ni ina kashe wannan tsari a duk kwamfutar tebur.

Facin BIOS, wato manhajar da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, da makamantansa na cire su daga tsarin atomatik gaba ɗaya. Ɗaukewar wuta a tsakiyarsa na iya kashe allon uwa, wato babban allon da ke cikin kwamfutar. Sai a laftof mai lafiyayyen batir ko kwamfutar da ke kan UPS ko inbata, kuma da mutum a kusa.

Batun data kuwa lissafi ne. Facin wata na Windows yana kai ɗaruruwan megabait, wani lokaci ya haura gigabait. Idan kwamfuta 30 kowacce ta sauke megabait 700 da kanta, gigabait 21 ke nan a wuri ɗaya. Windows tana da wani tsari mai suna Delivery Optimization wanda ke sa kwamfutocin ofis ɗaya su raba abin da ɗaya ta sauke a tsakaninsu. Ka tabbata yana kunne kuma an taƙaita shi ga cikin ofis. Kafin ka sayi kowace manhaja, ka tambaye su ko tana iya ajiye faci a kwamfuta ɗaya ta rarraba wa saura, har da na manhajojin da ba na Microsoft ba. Ka kuma duba wani abu da ya taɓa ɓata mini lokaci: idan an yi wa haɗin Wi-Fi alamar cewa datarsa a ƙidaye take, kamar yadda ake yi wa ƙaramar MiFi, Windows tana jinkirta yawancin saukewa da kanta.

Inda hannun ba ya kaiwa

Windows rabin aikin ne. Chrome, Firefox, Adobe Reader, Java, Zoom da WinRAR duk ƙofofi ne. WinRAR ma ba ya sabunta kansa, kuma an yi amfani da wata hudarsa sosai a 2023, amma har yau za ka same shi a ofisoshi yadda aka girka shi shekara biyar da suka wuce. Lokacin gwajin kyauta, ka ɗauki jerin manhajojin da kwastomominka ke amfani da su da gaske ka duba nawa ne ke cikin kundin kamfanin. Yawan sunayen da suka rubuta a talla ba shi ne abin dubawa ba.

Sannan akwai abin da wakili ba ya zama a cikinsa: rawuta, katangar tsaro irin su Fortinet da MikroTik, na'urar naɗar kyamarorin tsaro, firinta, akwatin ajiyar fayiloli. Su ne kuma suka fi fuskantar intanet. Waɗannan suna buƙatar takarda ta daban da rana tsayayya a wata. Windows 7 ta daina samun faci tun 14 ga Janairu 2020, Windows 10 kuma tallafinta na yau da kullum ya ƙare 14 ga Oktoba 2025, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Kwamfutar da ba ta da ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0 ba za ta hau Windows 11 ta hanyar da aka amince ba. A asibitocinka kusan tabbas za ka sami tsohuwar kwamfuta haɗe da injin gwajin jini ko na hoto, wadda mai injin ya ce kada a taɓa. Kada ka taɓa ɗin, amma ka cire ta daga intanet, ka ware ta daga sauran, ka hana sa mata filashi barkatai. Windows da Office na jabu kuma sai an yi maganarsu da mai wuri ido da ido, domin abin da aka fasa lasisin da shi sau da yawa shi kansa ƙofa ce.

Kada koren allo ya ruɗe ka. Kason da yake nunawa na kwamfutocin da suka amsa kira ne kawai. Na taɓa kula da wata makaranta inda rahoto ke fita lafiya lau kowane wata, ashe laftof ɗin mai kula da kuɗi ya lalace an kai shi kasuwa, mai gyara ya sake girka Windows, wakilin ya tafi da tsohuwar. Kwamfutar da ta fi kowacce muhimmanci ta yi watanni ba ta cikin lissafi, kuma laifina ne, domin kason nake dubawa ban duba adadi ba. Tun daga nan, abin da nake fara buɗewa duk Litinin shi ne jerin waɗanda ba a ji duriyarsu ba cikin kwana 14, sannan waɗanda ke jiran sake kunnawa, sannan waɗanda faci ya gaza a kansu sau biyu, wanda yawanci cikar faifai ce ke jawo shi.

Mabuɗin gidajen mutane

Wakilin nan yana aiki da iko mafi girma a kowace kwamfuta. Duk wanda ya shiga allonka ya shiga asibiti biyu, makaranta da ofishin lauyoyi a zama ɗaya. Ku huɗun nan kowa da asusunsa, babu kalmar sirri ta tarayya. Tabbatarwa mai mataki biyu dole ce, ta manhajar waya ko mabuɗin da ake sokawa, ba ta saƙon tes ba, saboda sauya layin waya da yaudara abu ne da ke faruwa. Ikon tura umarni ga kwamfutoci da yawa a lokaci guda ya tsaya ga mutum ɗaya ko biyu. Ranar da yaro ya bar aiki, a ranar ake rufe asusunsa, ko da an rabu lafiya. Kwafin ajiyar kwastomomi kuma kada ya zama ana iya goge shi daga wannan allo.

Ka sa komai a rubuce cikin yarjejeniya: ranar faci, lokacin sake kunnawa, da abin da ba ka ɗauki nauyinsa ba. Wanda ya ce kada a taɓa kwamfutarsa ya sa hannu a kan haka. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, cikin awa 72 idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, kai kuma da kake yi masa aiki wajibi ne ka sanar da shi. Rahoton faci na wata-wata shi ne shaidarka a irin wannan rana. Kuɗin manhajar da dala ake biya, wasu a kan kowace kwamfuta, wasu kamar Atera a kan kowane ma'aikaci, don haka ka sa sharaɗin sake duba farashi idan canji ya motsa.

Akwai iyakar da wannan tsari ba ya wucewa, kuma gara ka ji ta daga gare ni. Rarraba rukuni yana kare ka daga faci mai kuskure da ke nuna kansa nan take. Ba ya kare ka daga irin na kamfanin manhaja SolarWinds, inda aka cusa guba cikin sabuntawa ta gaskiya mai ɗauke da sa hannun kamfani, ta isa ga kwastomomi kusan 18,000 a 2020, ta kwanta shiru watanni kafin a gano ta a Disamba. A nan sai manhajar sa ido da kwafin ajiya da ke ware. Kuma abin da na faɗa duka daga aikin ƙananan ofisoshi masu Windows ya fito. Injinan asibiti da ke taɓa jikin majinyaci hukuncinsu yana hannun wanda ya ƙera su.

Da ni ne kai, watan farko zan girka wakilin a ko'ina amma in hana shi tura komai, ya ƙirga kawai. Za ka ga kwamfutocin da ba ka san da su ba, da waɗanda suka shekara babu faci, kuma waɗannan na ƙarshe sai an bi su a hankali, da mutum a wurin, domin tsallen da za su yi babba ne. Wata na biyu ka kunna rukunai a ofishinku da na lauyoyi. Makaranta ka bari sai an yi hutu. Shagunan magani ka fara da reshe ɗaya, da safe kafin ciniki ya kankama. Asibitocin su zo a ƙarshe, bayan ka zauna da shugabar ma'aikatan jinya ta faɗa maka awannin da sashen karɓar marasa lafiya ya fi sauƙi, kuma ranar farko ka sa ɗaya daga cikin yaranka ya yini a can da filashin gyara da mabuɗan BitLocker a hannu.